Ina karatu yake zama bayan an wanke allo?

A kowace tsangaya daga Ikara zuwa Hunkuyi, almajiri yakan rubuta darasinsa a allo, ya biya wa malam, ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan ya wanke. Tawada ta bi ruwa, allo ya koma fes, amma karatun yana nan. Bayan shekaru, wanda ya kai alaramma zai ɗauki alƙalami ya rubuta izu sittin da ka. To, a ina karatun yake ajiye sa'ad da ba a karanta shi, kuma wane ne yake ɗauko shi?

Tun kafin littattafai su iso, Bahaushe yana da nasa rabe-raben. Akwai rai, wanda fitarsa ita ce mutuwa. Akwai kurwa, wadda aka ce maye yana kamawa. Akwai zuciya, mazaunin so da fushi. Kalmar hankali kuwa aro ce daga aƙli na Larabci, amma ta zauna daram, har muna cewa hankali ke gani, ido gululu ne. Mukan ce hankalin wane ya tashi, ko ya kwanta, ko ya gushe. A duk waɗannan, harshen yana raba mutum da hankalinsa, kamar maigida da baransa wanda kan fita ya dawo.

Malaman zaure sun gaji wani rabon daga Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. A cikin Ihya'u Ulumiddin ya tsaya a kan kalmomi huɗu, wato ƙalbi da ruhi da nafsu da aƙli, ya nuna kowace tana da ma'ana biyu: ta zahiri, kamar tsokar da ke cikin ƙirji, da ta ɓoye, wadda ita ce ainihin mutum mai sani. Kafin shi, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, amma duk da haka ya san akwai shi.

Wannan ilimi ya sami magaji a ƙasar Hausa. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, an haife shi a 1804, shekarar hijira zuwa Gudu, ya rasu a 1864. Ya zauna a Salame yana karantarwa. An fi saninsa da littafin tarihi, Raudatul Afkar, amma ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa da tasawwufi, har da mafarki da fassararsa. Baturen Jamus Heinrich Barth ya sadu da shi a 1853, ya kuma yaba zurfin iliminsa. Dalilin da ya sa malami irinsa zai kula da mafarki a fili yake: mai barci idonsa a rufe yake, amma yana gani. Ke nan mai ganin daban, ido daban.

A wannan gaɓa ce tunanin malamanmu ya yi kusa da na masanan Hindu, kuma Musulmi sun daɗe da sanin haka. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali a kan yoga zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya kammala babban littafinsa a kan Indiya. A makarantar Sankiya, wadda Patanjali ya ginu a kanta, an raba abin da muke kira hankali gida uku: manas, mai tattara saƙon ido da kunne; ahankara, mai cewa ni ne, nawa ne; da buddi, mai yanke hukunci. Dukkansu kayan aiki ne, ɗanyen abinsu ɗaya da na jiki. Mai sanin kansa, wanda suke kira purusha, shaida ne kawai, yana kallo ba ya canjawa. Hujjar wasu masanansu ita ce barci mai nauyi: mutum ya farka ya ce ya yi barci mai daɗi, bai san komai ba. Wa ya shaida rashin sanin?

Game da tunawa, sun ce duk abin da mutum ya gani ko ya aikata yana barin gurbi, sanskara, wanda yake kwance har wani dalili ya tashe shi. Manomin rake a Maƙarfi zai gane wannan da wuri. Ana binne guntun kara mai ido, ƙasa ta rufe shi kamar ba komai, ruwa na taɓa shi ya tsiro. Tilawar gardi ban-ruwa ce. Inda hanya ta rabu shi ne, masanan Hindu suna ganin wannan gurbi yana bin mutum zuwa wata haihuwar a duniya, Musulunci kuwa ya ce zuwa duniya sau ɗaya ne, sai tashin alƙiyama. Albiruni ya bayyana wannan aƙida tasu dalla-dalla, ba tare da ya karɓe ta ba.

Amfanin wannan tsohuwar muhawara yana cikin gidajenmu. Akwai tsohon da ya fara manta sunan 'ya'yansa, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Likitoci sun san wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma sun lura abin da aka daɗe ana maimaitawa, kamar karatun ƙuruciya, yakan jima bai goge ba. Mu kuwa mukan ce ya ruɗe, mu daina shawara da shi, mu yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan. Tsohuwa ma wani lokaci har maita ake laƙa mata. Gazali da Ibnu Sina da masanan Sankiya sun saɓa a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan cewa tunawa ba ita ce mutum ba. Idan haka ne, wanda yake zaune a kan buzun nan shi ne dai Baba, kuma gaisuwa da girmamawar da ake yi masa jiya suna nan a wuyanmu yau.