Mai Rufin Asiri: Matsakaicin Magidanci a Tarihin Karkarar Tofa

Kalmar "talaka" takan ruɗi mai nazarin arzikin ƙasar Hausa. Kamar yadda M. G. Smith ya nuna a 1959, asalinta kalma ce ta matsayi, watau wanda ba ya riƙe da sarauta. Saboda haka attajiri mai raƙuma ɗari shi ma talakan sarki ne. Idan ana son ma'aunin samu da rashi, sai a koma ga wasu kalmomi: mai hali a sama, matsiyaci a ƙasa, a tsakaninsu kuwa mai rufin asiri. Wannan na tsakiya shi ne magidancin da hatsinsa ke kai shi wata kaka, wanda ba ya ƙwadago a gonar wani, ba ya kuma cin bashi kafin ya yanka ragon suna. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan magidanci a ƙasar Tofa, yamma da birnin Kano.

Tofa tana cikin karkarar nan mai cunkoso da ta kewaye birni, wadda M. J. Mortimore ya auna a shekarun 1960, ya sami fiye da mutum 350 a kowane murabba'in mil. A irin wannan wuri ba a barin gona ta huta, kuma babu dajin da za a sara. Tun kafin zuwan Turawa a 1903 gonar magidanci ƙarama ce, rabon gado kuma yana ƙara tsaga ta. Abin da ya riƙe gida shi ne taki da sana'a. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su komo da mangalar taki. Maza suna saƙa da rini da koli da fatauci, mata suna kaɗi. Gandu ne ya haɗa waɗannan hanyoyin samu wuri guda: 'ya'ya da ƙanne su yi wa maigida aiki, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu kuɗin ƙasa, ya yi musu auren fari, ya ba kowa gayaunarsa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗi suka shigo ƙauye. Amma yunwar 1913 zuwa 1914 ta nuna cewa tsabar kuɗi ba ta maye gurbin rumbu. Abin da ya fi yi wa matsakaicin gida illa a zamanin Turawa shi ne lokacin karɓar haraji. Da kaka ake karɓarsa, da tsabar kuɗi, daidai lokacin da amfanin gona ya fi araha. Wanda gyaɗarsa ba ta isa ba, tilas ya fitar da dawa ko gero ya sayar. Damina na yin nisa rumbu ya ƙare, sai ya koma sayen hatsin da tsada, sau da yawa daga hannun wanda ya saya a wurinsa. In babu kuɗi, sai falle: ya karɓi dami ɗaya, ya biya biyu da kaka. Ko kuwa ya tafi ƙwadago, ciyawa ta ci tasa gonar a makon da ta fi bukatar noma. Shekara mai zuwa amfaninsa ya ragu, sai jinginar gona, daga jingina sai sayarwa. Ke nan maƙwabta biyu masu gona kusan ɗaya suna iya rabuwa cikin 'yan shekaru, don kawai ɗaya yana iya jiran farashi, ɗaya ba ya iyawa. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ba ta gyara wannan ba, domin farashin da take yankewa manomi yana ƙasa da na kasuwar duniya.

Masu mulki na wancan zamani sun ɗauka manoma duk ɗaya ne a wajen rashi. Polly Hill ce ta rushe wannan zato. A Batagarawa ta ƙasar Katsina ta kasa magidanta kashi huɗu, bisa yadda kowa ke iya jure yunwar damina, ma'aunin da mutanen garin da kansu suka sani. A Ɗorayi kuwa, wadda ke kusa da birni, ta tarar a farkon shekarun 1970 da manyan gidaje masu tarin jama'a, da kuma magidanta da yawa waɗanda gonarsu ba ta taka kara ta karya ba. Ta kuma jawo hankali ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla: man gyaɗa, ƙuliƙuli, fura, ƙosai. Duk lissafin samun gida da ya tsaya kan aljihun maigida kaɗai, gurgun lissafi ne, ko da yake dukiyar mace tata ce, ba ta gandu ba.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, wannan kuwa sauƙi ne na gaske. A lokacin ne kuma albashi ya zama sabuwar ƙafar rufin asiri: gidan da ke da ɗa malamin firamare ko malamin gona ya sami abin sayen takin zamani da kan kari. Sai dai ƙafar ba ta daɗe da ƙarfi ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, janye tallafin man fetur a 2023 ya sake ninka kuɗin mota da na taki. Malamin da a da yake ba da rance a ƙauye, shi ne ya koma karɓar hatsi bashi kafin ƙarshen wata.

Yau birni ya haɗiye Ɗorayi, ya miƙa ta hanyar Gwarzo har wajen Janguza. Gonar da ke kusa da titi ta fi daraja a matsayin fili fiye da abin da za ta haifa a damina da yawa. Mai hali yakan riƙe tasa har farashi ya kai inda yake so. Mai rufin asiri kuwa yakan sayar ne a ranar da asibiti ko kayan ɗakin 'ya suka matsa masa, ya sayi babur ko ya kama shago da abin da ya rage, sa'an nan ya shiga layin masu auna mudu a kasuwa.