Sunayenmu na Tasawa da Mayahi: ma'anarsu da inda suka samo asali

Tambayar ma'anar sunaye tana yawan zo mana, musamman daga ƴan'uwa mazauna Kano, Legas, Abijan da Libiya, waɗanda ake yi wa haihuwa can ba tsoho kusa da za su tambaya. Shi ya sa muka ajiye wannan bayani a nan.

Bahaushe yakan tashi da suna biyu ko uku. Na farko shi ne sunan yanka, wanda liman ke raɗawa ranar bakwai, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Kusan dukan sunayen yanka ta hanyar Musulunci suka zo mana. Muhammadu na nufin wanda ake yawan yabo, Abdullahi bawan Allah, A'isha mai rai, Fatima wadda ta yaye. Hadiza kuwa, a asalin Larabci, jaririyar da aka haifa kafin watanninta su cika ce, wato bakwaini. Ba don ma'anar ake sa shi ba, don darajar Nana Hadiza ne. Ibrahim, Musa, Isufu da Haruna sunayen annabawa ne da suka girmi zuwan Musulunci, har Yahudawa da Kirista suna da su.

Bakin Bahaushe bai bar su yadda suka zo ba. Muhammadu ya koma Mamman ko Mahamman, Ibrahim Iro, Idrisu Idi, Adamu Ado, Abdullahi Audu, Hadiza Dije. Ba mu kaɗai ke yin haka ba: Turkawa na cewa Mehmet, mutanen Azarbaijan na cewa Mammad, kusan irin namu. Akwai kuma laƙabin da ke bin suna kamar inuwa: Abubakar Garba, Umaru Sanda, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Zainabu Abu. In an kira Usman da Shehu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ake girmamawa. Kalla da ake ce wa Musa daga Kalimullahi yake, wanda Allah ya yi magana da shi.

To, ga wanda ya fi yawa a jiharmu ta Maraɗi, kuma da yawa masu shi ba su san lissafi ba ne: Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Ƙidayar Larabci ce, daga na ɗaya har na goma. Magidanci ne ke son ya sa wa ƴaƴansa maza duka Muhammadu, sai a rarrabe su da lamba: Mahamman Lawali, Mahamman Sani, haka har ƙasa. Yanzu dai lissafin ya rikice, don ana mayar da sunan kaka ko na aboki. Sai ka iske Salisu shi ne ɗan fari a gidansu.

Sunayen rana kowa ya san su: Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Altine ta Litinin, Ɗantala da Talatu, Bala da Larai na Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Ƴan'uwanmu na zangon Kumasi sun ga irin haka wajen Asante, inda Kofi ke nufin namijin da aka haifa ran Juma'a. Ke nan marigayi Kofi Annan, da a Kanambakashe aka haife shi, Ɗanjuma ne.

Waɗanda suka fi jan hankalinmu su ne sunayen da ke ba da labarin gida. Nomau ya zo lokacin noma, Anaruwa ana tsakiyar ruwan sama, Azumi cikin watan azumi, Sallau ranar salla. Shekarau ya daɗe a ciki har aka ƙosa. Cindo yatsa shida gare shi. Gambo ya biyo tagwaye, wato Hasan da Husaini ko Hasana da Husaina. Tanko namiji ne bayan mata, Kande mace bayan maza. Mijinyawa ma namiji ne cikin tarin mata, kuma sunan sarkin Katsinar Maraɗi ne da ya dawo Tasawa da zama a ƙarshen ƙarni na 19.

Sai na masu wabi, matan da ƴaƴansu ke mutuwa suna ƙanana. Abarshi da Abarta roƙo ne: a bar shi, a bar ta. Ajuji da Ayashe kuwa dabara ce. Ana nuna kamar ba a damu da jaririn ba, an yar da shi kan juji, wai ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Malamai sun daɗe suna wa'azi kan wannan, kuma sunayen suna ja da baya. Mu dai a ganinmu, wanda ke ɗauke da irin wannan suna ba abin kunya gare shi ba. Shaida ce ta hawayen da uwarsa ta zubar kafin ta same shi, a zamanin da ƙyanda da tarin shiƙa ke kwashe yara, likita kuma na da nisa.

Kunya ma na haifar da suna. Matar da aka sa wa ɗanta sunan surukinta ba za ta iya furta shi ba, sai ta ce Baba, Abba ko Magaji. In sunan uwar miji ne, ta ce Uwani ko Inna. Yaro ya girma, gari duka ya manta da sunan yankansa.

A nan ne matsala ke tasowa. Takardunmu da rubutun Faransanci ake cika su, na Najeriya kuwa da na Hausar boko ko Ingilishi. Chaibou shi ne Shu'aibu, Laouali shi ne Lawal, Issoufou Yusuf, Aïchatou A'ishatu. Tsohon shugaban ƙasa Mahamane Ousmane, da aka zaɓa a 1993, da a Katsina yake da Muhammadu Usman za a rubuta shi. Suna ɗaya ne, amma ma'aikacin banki ko na iyaka harufa yake dubawa, ba ma'ana ba. Haka yaron da aka rubuta Ibrahim a takardar haihuwa, aka kai shi lakkal da sunan Tanko: ranar jarrabawa za a ga kamar mutum biyu ne, gyaran kuma sai an bi ta kotu.

Saboda haka in an yi suna, a kai sanarwa wurin rajistar haihuwa na gari ko ma'aikatar magajin gari tun wa'adi bai wuce ba, a rubuta sunan yanka, sannan na uba. A sa wanda ya iya karatu ya duba harufan kafin a bar wurin. Masu zama waje kuma, in za ku yi wa yaro wata takarda can, ku kwafi rubutun da ke kan ta gida harafi da harafi.