Kwana Biyar Babu Intanet: Waiwaye a Kan Masar ta 2011

Wannan maƙala za ta waiwayi abin da ya auku a Masar a farkon shekarar 2011, lokacin da gwamnatin Husni Mubarak ta katse intanet a ƙasar baki ɗaya. Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance kalmomi biyu da 'yan jaridarmu kan cuɗanya. "Toshewa" ita ce hana jama'a shiga wani dandali guda, kamar yadda aka yi wa Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. "Katsewa" kuwa raba ƙasa ce ɗungurungum da sauran duniya. Masar ta fara da ta farko, ta ƙare da ta biyu.

Zanga-zanga ta ɓarke ranar 25 ga Janairu, aka toshe Twitter, sannan Facebook. Da hakan bai yi magani ba, sai a daren Alhamis, wayewar Juma'a 28 ga wata, aka umarci manyan kamfanonin sadarwa su rufe. Ba a yanke waya ko ɗaya ba. Kowane kamfani ya daina sanar da duniya hanyar da ake bi a isa ga kwamfutocin abokan hulɗarsa, sai saƙonni suka rasa inda za su dosa. A safiyar aka kashe layukan wayar salula. Kamfanin Vodafone ya kare kansa da cewa dokar ƙasa ce ta tilasta masa.

Abin lura a nan shi ne wani ƙaramin kamfani mai suna Noor, wanda ya ci gaba da aiki har 31 ga wata. Daga cikin masu hulɗa da shi akwai kasuwar hannayen jari ta ƙasar. A ganina, wannan ya nuna cewa gwamnatin ta san reshen da take sara shi take zaune a kai.

'Yan kasuwa sun ji jiki, musamman kamfanonin da ke amsa kiran abokan ciniki na ƙetare, waɗanda aikinsu ya tsaya cik. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta asarar da dala miliyan 90, wato miliyan 18 a kowace rana, kuma lissafin nata bai haɗa da yawon buɗe ido da sauran sana'o'in da suka dogara da sadarwa ba. Talaka kuwa asararsa ba ta shiga lissafi: uwar da ɗanta ya fita ba ta da hanyar jin labarinsa, wanda aka raunata ba shi da hanyar kiran motar asibiti.

Sai dai ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Mutanen da a da suke bin labari daga ɗaka, da suka rasa majiya, sai suka fito titi su gane wa idonsu. Ga shi kuma ranar Juma'a ce, an riga an san lokaci da wurin haɗuwa. Daga masallatai jama'a suka nufi dandalin Tahrir na Alƙahira. Kafin gari ya waye 'yan sanda sun janye, soja sun fito, hedikwatar jam'iyya mai mulki tana ci da wuta. Wasu kuma suka koma wa wayar tarho ta gida, suna buga lambobin ƙasashen waje domin isar da saƙo.

An maido da intanet ranar 2 ga Fabrairu, Mubarak ya sauka ranar 11 ga wata. A watan Mayun shekarar, wata kotu ta ci tararsa tare da tsohon firayim minista Ahmad Nazif da tsohon ministan cikin gida Habib al-Adli fam miliyan 540 na Masar, saboda ɓarnar da katsewar ta yi wa tattalin arziki. A 2018 kotun sama ta soke wannan hukunci.