Rigar Faifai

A ƙarshen daminar bara muka jawo akwatin ƙarfen da ya shekara fiye da talatin a ƙarƙashin gadon kakanmu a Ƙaura Namoda. Takardar gona muke nema, ba mu kuwa same ta ba. Abin da muka tarar shi ne fayafayan garmaho wajen ashirin, an jibge su ɗaya bisa ɗaya kamar tabarmin masallaci. Yawancinsu lafiya lau, baƙi ƙirin, ƙura kawai suka sha. Kwalayen da aka sako su a ciki ne suka mutu. Gara ta shiga ta inda gindin akwatin ya yi tsatsa, ta ci na ƙasa tas, na tsakiya suka manne da juna saboda danshi. A kwalin da ke can sama, hoton Mamman Shata ne, amma hula da rabin goshi kaɗai suka rage.

Yaran gidan ba su ga abin damuwa ba. Ɗaya ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba, duk waƙoƙin nan fa ina da su a nan." Gaskiyarsa, yana da su. Sai dai da muka tambaye shi shekarar da aka yi ko da guda ɗaya, da wanda aka yi wa, da kamfanin da ya ɗauka, sai ya yi shiru. Amsar tana jikin kwalin da gara ta ci.

Faifai jirgin ƙasa ya biyo ya zo mana. A 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura, nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarawa kudu, kayan kanti suka riƙa haurowa: atamfa, kananzir, fitilar ƙwai, keke, da akwatin nan mai hannun wani da ake kira garmaho. Daga tashar Ƙaura kaya kan hau jaki da raƙumi, daga baya mota, su nufi Zurmi da Moriki, ko kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, inda fatake daga Gobir da ƙasar Nijar ke sauka. Wanda ya sayar da gyaɗarsa da daraja, ko ma'aikacin reluwe, ko malamin En'e, shi ke iya sayen garmaho, kuma daren da ya kawo shi gida unguwa ba ta barci da wuri. Sunan ma a gida aka samo shi. Mutanenmu sun ga abu zagayayye mai faɗi da layi-layi, sai suka tuna faifan da mata ke saƙawa su rufe ƙwarya, suka ba shi sunan. A bakin Bazamfare kuwa "hwaihwai" ne har gobe.

Fayafayan farko ba su da wata riga ta a zo a gani. Da wani irin ƙaro ake yin su, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, shi ya sa suke da nauyi, kuma in sun faɗi sai dai a share. Suna juyawa sau 78 a minti, kowane gefe bai fi minti 3 da 'yan kai ba. Allurar ƙarfe ce ke bin su, wadda ƙa'ida ta ce a canza bayan kowane gefe, mu kuwa sai ta dakushe ta fara cin faifan. Takarda ce shara-shara ake sako su a ciki, da huda a tsakiya don a ga tambarin kamfani, sau da yawa hoton karen nan da ya kasa kunne a bakin garmaho. Irin wannan takarda ba ta kai wata uku a hannun mutane.

Minti ukun nan ma abin dubawa ne. Waƙar fada ba a yi ta don agogo ba. Makaɗi kan ɗauki gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, ya jero kakannin sarki, ya yi zambo, ya dawo, har rana ta karkata. Faifan farko bai iya ɗaukar wannan sai an datse.

Sauyi daga Amurka ya zo. Tun wajen 1940 wani mai zane a kamfanin Columbia, Alex Steinweiss, ya shawo kan shugabanninsa su riƙa sa zane a bangon fayafayai maimakon kwali fili, ciniki kuwa ya ƙaru. A 1948 kamfanin ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda gefe ɗaya ke ɗaukar kusan minti 20, shekara guda bayan haka RCA ta kawo ƙaramin mai juyi 45. Babban faifan ya zo da kwali mai faɗin inci 12, gaba hoto, baya rubutu. Kafin wannan ya zama ruwan dare a wajenmu sai da aka shiga shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai suka shigo, rediyo mai haɗe da garmaho ya zama kayan ɗakin ma'aikaci, kamfanin EMI kuma ya riƙa fitar da mawaƙan Hausa irin su Shata da Ɗanmaraya Jos. Tare da su ake jera na finafinan Indiya, da na Kwango, da James Brown.

A jikin kwalin nan ake samun sunan makaɗi da hotonsa, da sunayen waƙoƙi a jere, da lambar faifan, wani lokaci da shekara da wurin da aka buga. Rubutun Hausar yakan zo a karkace, don mai buga shi a Legas ba ya jin harshen, ba ƙugiya ba komai, amma dai shaida ce. Mutane da yawa a karkarar Zurmi da Shinkafi, a lokacin da talabijin bai iso ba, a bayan faifai suka fara ganin fuskar mawaƙin da suka shekara goma suna ji a rediyo.

Yadda kwalayen suka ƙare ba wani abin mamaki ba ne, duk mun gani. Babban laifin shi ne jibgewa a kwance. Nauyin na sama yakan danne na ƙasa har bakin faifan ya fito a jikin hoton, ya bar farin zobe a fuskar mawaƙi. In an tura faifai cikin kwali da ƙarfi, bakinsa ya tsaga gindin kwalin, wata rana a ɗaga sai ya zube ta ƙasa. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano, lokacin da awo ke wuce 40, yana lanƙwasa robar ya busar da gam ɗin da ya riƙe kwali. Damina ta kawo danshi da fumfuna, hunturu ya cusa ƙura wadda ke gurzar fenti duk sanda aka zaro ɗaya daga cikin 'yan'uwansa. Kyankyasai na son gam, gara na son takarda. Sauran kuma mu ne. An yi fifita da kwalin faifai, an kwashe shara da shi, an kafa shi da ƙusa a bangon shago don ado har rana ta cinye launinsa. Wanda ya so gyara ya naɗe shi da salatif, bayan 'yan shekaru salatif ɗin ya ɓare ya tafi da rubutun, ya bar jan tabo. Abu ɗaya da muke yi wa uzuri shi ne ɗabi'ar rubuta suna da biro a kan hoto don kada a ara a hana. Masu tara fayafayai a Turai suna ganin wannan ɓarna ce, mu kuwa ta nan muka gane cewa uku daga cikin na akwatinmu ba na kakanmu ba ne, aro ya yi bai mayar ba, Allah Ya jiƙansa.

Abin da ke ci mana rai shi ne, ba rashin sanin adana takarda ya jawo haka ba. Ƙasar nan ta malamai ce. A gidajen da gara ta ci kwalin faifai, akwai Alƙur'ani rubutun hannu da ya girmi layin dogo, kuma ko kusurwarsa ba ta lanƙwashe ba. An sa shi tsakanin tadarishi, an ɗaure, an zura a gafakar da baduku ya ɗinka, an rataye a bango nesa da ƙasa, ana saukewa ana buɗawa iska na shiga. Duk abin da masana adana kayan tarihi ke faɗa yau, a nisanta daga ƙasa, a tsare daga danshi da rana, a riƙa dubawa, kakanninmu sun san shi. Littafin addini ya cancanci wannan da fiye. Amma ko rubu'in wannan kulawa ba a ba faifai ba, saboda a idonmu kiɗa abin hira ne, makaɗi kuma maroƙi ne, ana jin daɗinsa, ana yi masa kyautar doki da riga, amma ba a ɗauki abin da ya bari a matsayin abin gado ba.

Sai kaset ya zo ya ƙarasa. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zuwa shekarun 1980 ya mamaye kasuwanninmu. Ya fi arha, yana aiki da batir, ana tafiya da shi gona, kuma kowa na iya kwafa. Mai shagon kaset zai ɗora faifai ya juye a kaset ɗari, ya rubuta sunan mawaƙi da biro in ya ga dama. Daga kaset aka juye a CD, daga nan zuwa memori, yau ga shi a WhatsApp. A kowane zango murya na wucewa, bayani na faɗuwa a hanya.

Yankinmu ya fi kowa asara a nan, don ƙasar makaɗa ce. Ibrahim Narambaɗa, mai Bakandamiya, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, mutumin Tubali ne a ƙasar Shinkafi. Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri, sunan garinsa na manne da nasa. Mu ta rediyon Kaduna da kaset muka san su, ba wata takarda a tare. Shi ya sa yau za ka ga waƙar makaɗi ɗaya na yawo a waya da sunan wani, ko an lanƙaya mata hoton wani dattijo da ba shi ba ne, matasa na musu a ƙasanta har da zagi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya fitar da littafi sukutum kan Narambaɗa a 2009, sai da suka bi tsofaffin 'yan amshi da fadawa gari-gari suna tambayar abin da layi biyu a bayan kwali zai iya riƙewa. A ɗaya gefen, kiɗan Hausa da Ba'amurke David Ames ya ɗauka a shekarun 1960 ya fito a faifai tare da bayanin kayan kiɗan da lokutan da ake kaɗa su, kuma yana nan a ɗakunan karatu na ƙasashen waje da rigarsa.

Yanzu kuma ga abin da ya fi gara. Shekarun nan ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi sun watse saboda 'yan bindiga, har a Satumbar 2021 aka rufe kasuwannin mako aka katse layin waya a jihar. Wanda ya fita da dare da goyo a baya ba ya ɗaukar akwatin ƙarfe. Ɗakin da aka bari damina biyu ba kowa, rufinsa kan zauna a kan abin da ke ciki.

Namu akwatin dai mun zazzage shi a inuwa. Kwalaye shida suka tsira. Muka goge su da busasshen ƙyalle, ba ruwa, muka ɗauki hoton kowanne gaba da baya da waya, har da tambarin tsakiyar faifan, don shi ma yana ɗauke da lamba da sunan waƙa. Waɗanda suka manne ba mu ɓamɓare su da ƙarfi ba, mun bar su haka. Kowane faifai muka yi masa 'yar riga ta farar takarda mai tsabta, kowane kwali muka zura shi a farar leda mara kauri, muka bar bakinta a buɗe don kada gumi ya taru, muka kauce wa leda mai kauri mai warin roba, wadda in ta ji zafi take manne wa abin da ke cikinta. Sannan muka jera su a tsaye kamar littattafai, ba a matse ba, a saman kabad ɗin Inna, gefen da ba ya jingine da bangon waje. Inna ta tsaya tana kallonmu har muka gama, sannan ta ce akwai wasu a ɗakin ƙanin kakanmu a Zurmi, in hanya ta yi kyau mu je mu duba.