Labarin Dajin Gadabeji

Arewa da Maraɗi, a cikin ƙasar Dakoro, akwai wani daji da ake kira Gadabeji. Jigawa ce, tudun rairayi bayan tudun rairayi, da kwari a tsakaninsu. Mu da muka saba da ƙasar noma, in muka ga irin wannan wuri mukan ce ba shi da amfani. To, 'yan makaranta, ku saurari labarinsa.

Damina a can gajeriya ce, amma da ruwa ya sauka sai ciyawa ta rufe tudu, saiwarta ta kama yashi. Aduwa da ƙandili da magarya kuwa su ke tare iska. Muddin waɗannan suna nan, rairayi ba ya tashi. Saboda haka tun zamanin da barewa da jimina da mariri da raƙumin dawa suke kiwo a wurin, tare da shanun Fulani da raƙuman Buzaye.

A cikin shekarar 1955, lokacin da Faransawa ke mulkin Nijar, aka keɓe hekta 76,000 na dajin, aka hana farauta a ciki. Bayan samun mulkin kai, a 1961, gwamnati ta yi wata doka ta sanya iyakar noma, domin ƙasar arewa ta zauna ta makiyaya.

Amma doka ba ta saukar da ruwa. Aka yi babban fari a 1973, aka sake yin wani a 1984. Ciyawa ta ƙone, dabbobi suka yi wa sauran itatuwa yawa, mafarauta kuma suka sami bindiga da mota. Raƙumin dawa ya ɓace daga Gadabeji. Mariri ya ƙare ƙaf, har a shekarar 2000 masana suka bayyana ba sauran ko ɗaya a dajin duniya, sai waɗanda ke tsare a hannun mutane. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Nijar duka, a ƙasar Kure, kusa da Yamai.

Mutanen Kure da ma'aikatan gandun daji suka tsare su, suka hayayyafa, har suka haura 600. Sa'an nan a 2018 aka kama takwas, aka ɗora su a manyan motoci, aka yi tafiyar kilomita wajen 800 da su, aka sake su a Gadabeji, bayan kusan shekara 50 ba a ga irinsu a can ba.

Ku dubi wahalar da aka sha kafin a mayar da dabba takwas wurin da kakanninsu ke yawo ba mai kiwonsu. Jigawa kuwa akwai ta a ƙasashenmu da yawa. Wanda ya zama malamin daji ko hakimi a cikinku, ya tuna da Gadabeji kafin ya yarda a sare aduwa a kan tudu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.