Sankarar Ƙoda da Hawan Jini a Ƙananan Yara: Gano Cuta da Magani a Birnin Njamena

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar ƙa'idojin gano sankarar ƙoda ta Wilms da maganinta, ta auna su da yanayin Njamena, babban birnin Chadi. Matsayarta ita ce: duk yaron da aka kawo da ƙullutu a ciki, a auna hawan jininsa tun ranar farko.

Gabatarwa

Sankarar Wilms ta samo sunanta daga Max Wilms, likitan tiyata Bajamushe wanda ya yi bayaninta a 1899. Ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar ƙoda a yara, kuma ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. A ƙasashe masu arziki kusan yara tara cikin goma na warkewa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin sankarorin yara shida da ta fi ba muhimmanci, da burin kai yawan masu tsira zuwa kashi 60 nan da 2030.

Gano cuta

Sau da yawa uwa ce ke fara jin abu mai tauri a kwiɓin yaro tana yi masa wanka, alhali yana wasansa lafiya lau. Daga nan jinkiri ke farawa. Kumburin ciki a ce saifa ce ko tsutsar ciki. Fitsarin jini kuwa, a garin da ke bakin kogin Shari, a ce tsargiya ce. Hoton ciki na na'urar sauti, wanda ake iya yi a manyan asibitocin birnin irin su Asibitin Uwa da Yara, yana nuna ko daga ƙoda ƙullutun ya taso, ko ya shiga babbar jijiya, da halin da ɗaya ƙodar ke ciki. Hoton ƙirji ma dole ne, domin huhu cutar ta fi bazuwa.

Hawan jini

Kusan yaro ɗaya cikin huɗu na zuwa da hawan jini. Dalili shi ne yawaitar sinadarin renin, wanda ƙullutun ke fitarwa, ko kuma ƙodar da ya danne. Idan hawan jinin ya yi tsanani yakan kawo jijjiga, a ɗauka maleriya ce ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yakan raunana zuciya, ya ƙara haɗari a ɗakin tiyata. Ba a auna yaro da ma'aunin manya: ana duba shekaru, jinsi da tsayi, kuma faɗin madaurin hannu ya zama kusan kashi 40 na zagayen damtse. Madauri babba yana ɓoye hawan jini, ƙarami kuma yana ƙara shi.

Magani

Tsarin ƙungiyar likitocin sankarar yara ta duniya, SIOP, ya fi dacewa da inda yara ke zuwa da ƙaton ƙullutu da tamowa: mako huɗu na vincristine da actinomycin D kafin tiyata, ko mako shida haɗe da doxorubicin idan cutar ta bazu. A wannan tsakanin ake sauko da jini da amlodipine ko captopril, ana lura da aikin ƙoda, ana kuma gyara abincin yaro. Bayan cire ƙodar jinin yakan daidaita, amma mai ƙoda ɗaya yana buƙatar bibiya har girmansa. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe yara masu wannan cuta a Afirka, ban da jinkiri, shi ne yanke magani saboda kuɗin mota da na abinci.

Kammalawa

Shawarwari uku ne: a wadata ɗakunan shan magani da madaurin awon jini na yara, a tura duk mai ƙullutu hoton ciki ba tare da jiran maganin saifa ya yi aiki ba, a tallafa wa iyaye har magani ya kammala. Wannan cuta ce da ake warkewa, kuma yaran Chadi sun cancanci wannan dama.