Yadda tashar wutar Battersea ta koma gidajen attajirai

A gaɓar kudu ta kogin Thames a Landan akwai wani katafaren ginin jan bulo mai dogayen bututun hayaƙi huɗu. An fara gina shi a 1929 domin a riƙa ƙona kwal ana samar da lantarki, kuma Giles Gilbert Scott, wanda ya zana jan akurkin wayar tarho na Ingila, shi ya tsara fuskarsa. Rabin farko ya fara ba da wuta a 1933, na biyu bai kammala ba sai 1955. Wannan tazara ta sa cikinsu ya bambanta ƙwarai. Ɗakin sarrafa injuna na farko an ƙawata shi kamar fada: marmara daga Italiya a bango, daɓen katako, rufin gilashi mai zane. Na biyu kuwa an yi shi bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ƙasa ba ta da kuɗin ado, sai aka wadatu da tayil da ƙarfen da ba ya tsatsa.

A 1980 hukuma ta sa ginin cikin jerin waɗanda doka ta hana a rushe, a 1983 kuma aka kashe injuna. Daga nan wahalarsa ta fara. John Broome ya saye shi da niyyar yin wurin wasanni, aka yaye rufi, kuɗi suka ƙare a 1989. Fiye da shekara ashirin ruwan sama na zuba cikinsa, yana ta sauya hannu, har 2012 da wasu kamfanonin Malesiya, SP Setia da Sime Darby da asusun fanshon ma'aikatan ƙasar, suka saye shi a kan fam miliyan 400.

Gyaran irin wannan kango yana cin kuɗi ba kaɗan ba, kuma dabarar da masu gini a Landan suka saba ita ce a sayar da gida tun ba a gina shi ba. A nan gidan samfuri ya sami muhimmancinsa. Mai saye ba shi da abin gani sai bango ba rufi, saboda haka ake shirya masa ɗakuna cikakku, da gado da labule da tukwane a kicin, ya taɓa da hannunsa kafin ya sa hannu a takarda. A 2014 aka sa gidaje 254 na cikin tashar a kasuwa, mafi ƙanƙanta a kan kusan fam 800,000.

Kamfanin Michaelis Boyd, da aka ba aikin cikin gidajen, bai je nesa neman salo ba. Ɗakunan injunan nan biyu ya duba, ya fitar da zubi biyu. Ɗaya ya bi na 1933, da katako mai duhu da famfunan tagulla. Ɗaya ya bi na bayan yaƙi, mai haske da ƙarancin ado. Inda tsohon bulo ya tsira aka bar shi a fili ba filasta, tagogi kuma aka yi musu firam na baƙin ƙarfe irin na masana'anta. A ganina nan ne aikin ya fi kyau, domin bulon da hayaƙi ya dafa ya fi duk wani fenti faɗin abin da wurin yake a da. Masu gyaran ma sun yi ƙoƙari: WilkinsonEyre suka jagoranta, aka sauke bututun huɗu aka sake zuba su yadda suke, aka yi odar bulo kusan miliyan ɗaya da dubu 750 domin cike gurbin waɗanda suka lalace.

Mazauna na farko sun tare a 2021, aka buɗe wa jama'a ƙofa a watan Oktoban 2022. Abin da ke ci mini rai shi ne, adon da ake sayarwa a kan miliyoyi an aro shi ne daga wurin aikin masu albashi, alhali irinsu ba su da halin kwana a ciki. An yi alkawarin gidaje 636 masu sauƙin kuɗi a filin, amma a 2017 ƙaramar hukumar Wandsworth ta yarda aka rage su zuwa 386.